Takin Malam Sale da Gonar Aro

Har yau ban manta da safiyar da dattawan wani ƙauye suka shimfiɗa tabarmi a kan jujin kashin dabbobi suka zauna, suka ce sai dai mota ta kwashe har da su ba. Ku sababbin ɗauka da kuke dariya, ku yi abinku, ni ma daga baya na dara. Amma a ranar, ina tsaye da farar riga da takalmin roba, direban tifa yana kallona, leburori sun jingina da shebur suna jiran in ce wani abu, ko murmushi bai zo mini ba.

Lokacin ina mataimakiyar jami'in tsaftar muhalli, wato abin da mutanen gari ke kira duba-gari, a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ƙauyen yana cikin duwatsun da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutanen suna nan da ransu. Gari ne a kan gangara: gidaje suna sama, rijiyar da kowa ke sha tana can ƙasa, a gindin gangarar.

A daminar da ta wuce kafin wannan, amai da gudawa sun shiga garin, yara sun mutu. Da muka je bincike ba mu sha wahala ba. Kowace ƙofar gida akwai juji, wani ma ya fi tsayin mutum. Duk rani mata suna share turken awaki da tumaki, maza suna kwaso na shanu, ana tarawa a nan. Da ruwan fari ya sauka sai ya wanke jujin, ruwan ya biyo lungu baƙi ƙirin ya taru a kewayen rijiya. Mutanen garin sun ɗaga bakin rijiyar da siminti, amma ba ta da zurfi, ruwan yana tsatsa ta ƙasa ya shiga.

Ga wanda bai san aikinmu ba, tsarin haka yake. Da farko gargaɗi ne da baki, a gaban dagaci. In ba a ji ba sai a ba da notis, wato takardar da ke ba mutum wa'adi ya gyara. In wa'adi ya cika bai gyara ba, hukuma na iya kwashe abin da kanta, ko ta kai shi kotu. Mun yi gargaɗi tun ana sanyi. Kowa ya ce, "To, Malama, in sha Allahu." Mun ba da notis. Aka karɓa da hannu biyu, aka gode mana, har da ba mu fura. Juji kuwa kullum ƙara tudu yake.

Da bazara ta shigo, shugaban sashenmu, Malam Haruna, ya kira ni ofis. Mutum ne mai gaskiya amma ba shi da dogon haƙuri.

"Malama Rabi, ba zan sake binne yaran garin nan ba. Ki tafi da tifa ki kwashe. In sun hana, kafin ruwan fari ki je da magini ki toshe rijiyar."

"Yallaɓai, in an toshe, tafkin da shanu ke sha za su koma."

"Na sani. Shi ya sa na ce ki kwashe."

Haka na tafi da tifa, na tarar da dattawa zaune a kan juji. Wani tsoho ya ce mini, "'Yata, wa ya gaya miki shara ce? Wannan abincin baɗi ne kike gani." Na ce na san taki ne, ba ni da matsala da taki, to me ya hana a kai shi gona tunda lokacin kai taki ya yi? Sai wannan ya dubi ƙasa, wancan ya shiga gyaran hula. Na sallami tifa ta koma ba komai.

A hanya raina a ɓace yake, amma wani abu ya tsaya mini. Duk ƙauyukan da muka ratsa, gonaki cike suke da tsibi-tsibin taki, jakuna da amalanke sai kai da kawowa suke. Manomi bai buƙatar duba-gari ta koya masa kai taki gona. In ka ga ya ƙi, akwai dalili. Na roƙi Malam Haruna ya ƙara mini lokaci. Ya ce, "Lokacin ba a hannuna yake ba, yana hannun hadari."

Ina da abu guda da abokan aikina maza ba su da shi: ni ina shiga cikin gida. Washegari na hau acaɓa na koma, ban tsaya ƙofar dagaci ba, na yi sallama gidan da jujinsa ya fi kusa da lungun rijiya. Gidan wani Malam Sale ne. Matarsa Ladidi ta yi mini shimfiɗa. Tsakar gidan nan a share tas, turken awakinta ko ƙuda babu, randa a rufe da faifai. In da ana ba da lambar tsafta, da ta riga wasu ma'aikatanmu samu, ba na kama suna.

Muna cikin gaisuwa ta ce mini 'yarta Hassana tana cikin yaran da suka rasu bara. Ta nuna mini Usaina, abokiyar tagwaitakarta, tana wasa a gindin turmi. Na yi mata ta'aziyya, sannan na tambaye ta kai tsaye ko ta san abin da ya kawo ciwon.

"Na sani mana, Malama. Ni nake jan ruwan. Ranar da aka yi ruwan fari, abin da guga ya fito da shi warin turke yake."

"To me ya sa kike ƙara wa jujin?"

"Ina zan kai? Awakin nawa ne, takin na Malam ne. Shi yake kawo musu harawa, ni nake tara masa taki. Maganar gona kuwa shi za ki tambaya."

Ta aika aka kira shi. Malam Sale dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba. Ya tsuguna daga bakin zaure, yana zane a ƙasa da tsinke.

"Malama, a unguwar nan babu mai gonar kansa sai ɗaiɗai. Kakanninmu baƙi ne, kiwo ya kawo su. Gonakin da muke nomawa na aro ne, yawanci na Alhaji Ɗanladi da ke zaune a Kazaure. A al'adarmu, in ka yi shuka, gona taka ce har ka girbe, ba mai tashinka. Amma kafin shuka, mai gona yana iya aikowa ko yaushe ya ce yana son abinsa. To in na kai taki yanzu, gona ta yi kyau, wa zai ga gona shirye da taki ya bar wa wani? An yi wa mutane a garin nan, ba sau ɗaya ba. Shi ya sa muke jira a yi ruwa, mu yi shuka, sannan mu kai."

"Ruwan da kuke jira shi ne ke wanke jujin cikin rijiya."

"Shi ne."

Mutumin nan ya san abin da ya kashe 'yarsa, kullum yana wucewa ta gabansa in zai je masallaci, kuma bai da yadda zai yi, domin wannan gonar ita kaɗai ce abincin gidansa.

Daga nan na wuce wurin dagaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, ashe ka san wannan magana?" Ya ce ya sani, amma gona ta mai ita ce, shi ba ya iya sa baki. Na ce ban nemi ya tilasta wa kowa ba, ya raka ni kawai. Sai da na yi sawu wajen uku kafin ya yarda. Muka tafi Kazaure muka sami Alhaji Ɗanladi a ƙofar gidansa.

Alhaji ya karɓe mu da mutunci. Na yi masa bayanin rijiya da juji da yaran da aka rasa, na roƙe shi ya faɗa a gaban dagaci cewa duk wanda ya kai taki bana ba za a karɓe masa gona ba. Ya ce, "Allah ya nuna mana damina lafiya." Na ce amin, amma wannan addu'a ce, ni magana nake so in kai wa mutane. Dagaci ya harare ni. Alhaji ya yi dariya ya ce, "Wannan 'yar taka ba ta da sauƙi. To, ki gaya musu bana ba ni da niyyar karɓar gonar kowa."

Na kai saƙon kamar yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Aka taru a ƙofar dagaci bayan la'asar. Wani ya ce, "Niyya ai tana canjawa." Wani ya ce tunda hukuma ce ke so a kai, hukuma ta tsaya musu. Na gaya musu gaskiya: dokar da nake aiki da ita ta juji ce da rijiya, ba ta kai gona ba, ba zan yi musu alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Na kuma gaya musu cewa in ruwa ya sauka juji yana nan, ni da kaina zan toshe rijiyar, ko da za su daina gaishe ni.

Aka watse ba a tsai da komai ba. Da safe sai ga Malam Sale ya ɗaura wa jakinsa mangala ya fara ɗiba. Bai yi shawara da kowa ba. Ladidi ta gaya mini daga baya cewa abin da ya ce mata kawai shi ne ba zai iya kallon Usaina ta sha wannan ruwan ba. Ya yi kwanaki yana jigila daga fitowar rana har zafi ya hana jaki tafiya, sai da ƙofar gidansa ta koma fili. Takin shekara guda na awaki da na shanun noma, duk ya jera shi tsibi-tsibi a gonar. Da mutane suka ga shiru ba abin da ya faru, wasu suka fara fito da amalanke. Na koma ofis ina murna, har na ce wa Malam Haruna ya sallami magini.

Ba a yi mako ba aka aiko wa Malam Sale cewa mai gona yana son abinsa. Wani ɗan Alhaji da kasuwanci ya karye masa ya dawo gida, yana so ya yi noma. Ya zaga gonakin ubansa, ya ga wadda ke shirye, ya nuna ta.

A ranar amalanke suka tsaya cak. Wanda ya riga ya loda ma ya juye kayansa a inda ya ɗauko. Da na shiga garin babu wanda ya zage ni, babu wanda ya ce mini komai, kuma wallahi da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Ga shi kuma iska ta juya, da yamma ana ganin walƙiya ta gabas.

Ban tsaya neman rakiyar dagaci ba, na koma Kazaure ni kaɗai.

"Baba Alhaji, a gaban dagaci ka ce ba ka da niyya."

"Kuma ba ni da ita a lokacin. Yaro ne ya dawo, da iyali. In bar ɗana da yunwa?"

"Kana da wasu gonakin. A ba shi wata."

"Wannan ya zaɓa. Malama, gonar nan tawa ce, ta gado. Sale ya yi shekaru yana ci ban taɓa tambayarsa ko zangarniya ba. In yana son takinsa ya je ya kwashe."

Ya san ba a kwashe takin da aka riga aka zuba, rabi iska ta baza, rabi ya bi ƙasa, kuma ko an kwashe babu inda za a kai. Na roƙa, na kawo maganar marigayiya Hassana, na ce a bar shi ko damina ɗaya ya ci takinsa. Alhaji ya kira a kawo mini ruwa, wato magana ta ƙare. Ba zan ce muku mugu ba ne. Mutum ne da ya ga ɗansa kusa, ya ga Sale nesa.

A mota na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban wuce gida ba. Na sauka a mararraba na hau acaɓa na koma ƙauyen, na tarar da dagaci yana alwala.

"Ranka ya daɗe, ba zan ƙara ce wa kowa ya kai taki gonar aro ba. Amma jujin nan sai ya bar saman rijiya. Wancan filin naka da ke ƙasa da rijiya, bayan kukoki, wanda ba ka nomawa saboda tsakuwa, shi nake roƙo. Kowa ya tara nasa a can, ya kafa alama, har a yi shuka."

Ya ce za a riƙa sata, za a riƙa haɗa na wani da na wani, rigima za ta dawo kansa. Na ce rigimar taki ana sasanta ta a ƙofar gidansa da yamma ɗaya. Na ce in ya hana, gobe zan zo da magini, kuma shi zai gaya wa matan garin su bi shanu tafki. Ina jin abin da aka yi wa Malam Sale a gaban idonsa yana damunsa fiye da yadda ya nuna. Daga ƙarshe ya ce a yi shela.

Ko da aka yi shelar, mutane ba su motsa nan take ba. Wanda aka cuci maƙwabcinsa jiya ba ya saurin yarda da sabuwar dabara, kuma jigila biyu ce, a kai fili sannan a kai gona. Wanda ya fara fitowa da jaki shi ne dai Malam Sale. Ba shi da sauran taki ko cikin shebur. Ya tsaya a ƙofar tsohon nan da ya ce mini abincin baɗi ne, ya ce, "Baba, ni nawa ya riga ya tafi. Kawo in ɗaukar maka naka." Tsohon ya shiga gida ya fito da kwando.

Daga nan gari ya tashi. Amalanke, jakuna, baro, mata suna miƙo kwanduna ta kan danga. Na cire farar riga na ɗauki shebur, hannuna duk ya yi kanta. Malam Haruna da ya ji labari ya turo tifar nan da aka kora, wannan karon aka yi mata maraba, har direban ya sami fura. Muka share lungun, muka yi ɗan bakin ƙasa da duwatsu don ruwan gangara ya kauce wa rijiya, na zuba maganin tsabtace ruwa kamar yadda tsari ya tanada.

Ruwan fari ya sauka muna gamawa. Da aka ɗauke na gangara rijiya, mata sun riga ni. Ladidi ta ja guga, ta duba, ta sunsuna, ta miƙo mini. Ruwa ne garau. Ban toshe rijiyar ba, kuma a wannan damina ba mu ji labarin amai da gudawa daga garin ba.

Malam Sale kuwa bai sami gona ba. Lokaci ya ƙure, duk ta aro an riga an shuke. Na bi mutane da dama, dagaci ma ya yi nasa ƙoƙarin, ba a dace ba. Ya yi daminar yana ƙwadago a gonakin mutane. Gonar da ya zuba wa taki tana bakin hanya, geron da ta yi a shekarar sai da masu wucewa suka riƙa tsayawa kallo, shi kuma ta nan yake bi safe da yamma da fartanya a kafaɗa.

Da kaka na je gidan. Wasu maƙwabta sun kawo masa 'yan dammuna, amma rumbun ko rabi bai kai ba, kuma Ladidi ta sayar da akuya. Na ce masa, "Malam, maganata ka bi gonarka ta tafi. Abin yana damuna."

Ya ce, "Ba maganarki na bi ba, Malama. Bara na cika rumbu, na ɗauki 'yata na kai makabarta. Bana rumbun ga shi kina gani. Amma in gari ya waye na duba ɗaki, duk suna nan."

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da za ku fara fita ƙauyuka da notis a jaka. A makaranta an koya muku cewa mutane suna zama da ƙazanta don ba su sani ba, sai a wayar musu da kai. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa sun fi ku sanin warin abin, tunda su ke kwana da shi, tsoron wani abu ne ya sa suka haƙura. Kafin ku ce wa mutum ya kwashe, ku tambaye shi ina zai kai, kuma filin na wane ne. Kada kuma ku janye, domin rijiya sai an kare ta ko ran wa zai ɓaci. Sai dai ku sani, in aikin ya yi kyau mu ake yaba wa a ofis, wanda ya ɗauki nauyin kuwa yana can ƙauye. Ni an ƙara mini girma a shekarar. Malam Sale sai da wata damina ta sake wucewa kafin ya sami wanda ya ara masa gona.